Himaya da Rijiyoyin Garinmu

A shekarata ta uku a Alƙahira, farkon 2013, yaƙi ya ɓarke a maƙwabtanmu, tartsatsinsa kuwa ya fara faɗowa arewacin Nijar inda garinmu yake. Ni ina unguwar Darrasa ina fama da nahawu, ina cin wake da gurasa safe da yamma, amma rabin hankalina yana gida.

Wata Litinin bayan azahar Baba ya kira. Baba ba ya kiran waya don gaisuwa, in ka ga lambarsa, nemi wuri ka zauna. Ya ce mutanen kamfanin da ke haƙar yuraniyom a bayan duwatsunmu sun zo da takarda. Sojojin ƙasarsu, wata babbar ƙasar Turawa, za su tsare hanya da garuruwan kewaye. Su kuma abin da suke so shi ne izinin jan ruwan da ke ƙarƙashin kwarinmu, wanda rijiyoyin lambunanmu ke sha. Ranar Juma'a dattawa za su dangwala.

"Kai ne mai karatu," in ji shi. "In dangwala ko kar in dangwala?"

Lambunmu na albasa shi ya ciyar da mu, shi ya kawo ni Masar. Amma a lokacin uwata ta yi wata biyu ba ta je kasuwar mako ba saboda tsoron hanya. Gaskiya har ga Allah zuciyata ta riga ta dangwala. Na dai ce masa ya ba ni kwana biyu, don kar ya ce karatun nawa ba nauyi.

Akwai wani tsoho Bamasare mai shagon littattafai a lungun da ke bayan masallaci. Kullum nakan je in tsaya in karanta littafinsa kyauta, shi kuma ya yi ta tsiya yana cewa idona ya cinye masa rabin shago. A ranar, da la'asar, na same shi yana shan shayi, ya ga fuskata ya tambayi lafiya. Na gyara murya, na zaɓo Larabcin littafi mai kyau don in burge shi, na ce alhamdu lillahi, garinmu zai shiga ƙarƙashin himayar Turawa. Ni a sanina himaya kariya ce kawai, haka na gan ta a ƙamus.

Tsoho ya ajiye kofinsa a hankali. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Himaya ka ce, ɗana? Kuma kana hamdala?"

Sai ya ba ni labarin da ba ya cikin ƙamus. Ya ce a Masar wannan kalma sunan wani zamani ce. Lokacin babban yaƙin duniya na farko Turawa suka ce sun ɗauki ƙasar ƙarƙashin himayarsu. Da sunan kariyar nan aka kwashi auduga da hatsi, aka kwashi raƙuma da jakuna, aka kwashi manoma zuwa aikin soja. Kakansa yana da jaki ɗaya, aka tafi da shi, aka bar masa wata 'yar takarda. Yaƙi ya ƙare, masu kariya ba su tafi ba.

Raina ya ɓaci, don na ji kamar yana yi mini dariya. Na ce, "Ya Hajj, kai kana zaune gefen Nilu, ruwa na wucewa ta ƙofarka, ba wanda ke tare uwarka a hanya. Da sauƙi ka ba ni tarihi. Mu bindiga ce a kanmu yau, ba jakin kakanka ba." Da na faɗa sai kunya ta kama ni, amma ban janye ba.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, zauna. Ni ban ce ku ƙi ba." Ya nuna mini mai gadin benen da ke kallon shagonsa, wani mai doguwar riga zaune kan benci. A Alƙahira kusan kowane bene da irinsa, bawwab suke ce masa. "Ka gan shi? Muna buƙatarsa, muna ba shi haƙƙinsa, ba ma raina shi. Amma in mazauna benen suka ce khalas, ya isa, gobe ya naɗe tabarmarsa. Wannan shi ne gadi. Himaya kuwa ita ce ranar da makullin famfo ya koma aljihunsa. Takardar taku, akwai ranar tafiya a ciki?"

Ban sani ba. Ni mai karatu, ban ma tambaya ba.

Washegari na roƙi malamin makarantar bokon garinmu ya karanta mini takardar a waya, don da Faransanci take. Sai da ya hau kan tudu kafin murya ta riƙa fita, iska na cinye rabin kalmominsa. Na sa ya maimaita har ya fara tsaki. Shafi huɗu, akwai ranar farawa, babu ranar ƙarewa. Babu kuma inda aka faɗi iyakar ruwan da za a ja.

Na kira Baba na ce kar ya ƙi, kar kuma ya dangwala. Ya tambaye su yaushe za su tafi, da yadda za a yi in rijiyoyi suka fara ja da baya.

Ya ce, "In suka yi fushi suka bar mu da 'yan bindiga fa?"

Na gaya masa gaskiya, ban sani ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan ranar ba.

Ranar Juma'a Baba ya miƙe a gaban dattawa ya yi tambayarsa. Baƙin suka naɗe takardarsu suka shiga mota. Wasu a gari suka ce ɗan nan na Masar ya jawo musu masifa daga nesa, shi yana can yana cin gurasa. Makonnin da suka biyo baya ko darasi ba na fahimta, duk ƙarar waya sai in yi wuf in duba lamba. Tsohon nan ya daina yi mini tsiya, ya riƙa turo mini kujera in na zo.

Bayan kusan wata biyu suka dawo. Ashe buƙatarsu ga ruwanmu ta fi yadda muka zata, mu ne ba mu san nauyin abin da ke hannunmu ba. Sabuwar takardar ta ce shekara uku, ba a sabuntawa sai gari ya yarda, kuma in ruwan rijiyoyi ya sauka ƙasa da alamar da aka yi, injinsu zai tsaya. Ba mu sami duk abin da muke so ba, wani filinmu da ke gabas ya tafi hannun kamfanin. Amma hanya ta buɗe, aka koma kai albasa kasuwa.

A 2015 na je gida hutu. Bayan mun gaisa Baba ya shiga ɗaki ya fito da kwafin takardar, naɗe cikin leda. Mutumin da bai san harafi ɗaya na boko ba ya buɗe shafi na ƙarshe, ya ɗora yatsa daidai kan wasu lambobi, ya karanta mini ranar tafiyarsu, rana da wata da shekara, ba gargada.

"Malamin makaranta na sa ya koya mini," ya ce. "Sauran ban iya ba. Wannan dai, ba wanda zai karanta mini ita."