Ni da Baba da Zarurrukan Kanel

Shekarar da nake aikin kammala digiri, yajin aikin malamai ya maido ni gida Unguwar Shanu. Aikin da aka ba ni shi ne in rubuta ɗan ƙaramin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, in koya masa tayar da zare da kawo ƙarshensa. Zare a wajenmu ɗan aiki ne guda mai gudana a gefen 'yan'uwansa, suna karɓa-karɓa.

Lokacin Baba bai daɗe da ritaya ba, zaman gida ya ishe shi. Da ya dawo daga la'asar sai ya jawo kujera kusa da ni a baranda, ya gyara tabarau, ya zuba wa allon ido kamar mai duba fayil.

Zarurrukana suna tashi lafiya lau. Amma da ɗaya ya gama aikinsa aka zo kashe shi, sai kwamfutar ta sandare. Na gaya wa Baba haka.

"Kashewa kuma?" in ji shi. "Ya yi miki aiki, sakayyarsa ke nan?"

"Haka ake cewa, Baba."

"A'a, uwata. Ki ce sallama. Mu ma sallamarmu aka yi."

Ya ce in yi masa bayani da Hausa, a hankali. Na ce kowane zare ana yanka masa ɗan fili a mimori, wato ma'ajiyar kwamfuta, inda zai ajiye kayan aikinsa, in ya gama sai ya mayar. Ina cikin magana na yi tsit. Ashe zaren nawa yana mayar da filin ne alhali yana tsaye a kansa, tun bai miƙa wa na gaba ragama ba.

"Lafiya?"

"Na gano, Baba."

Bai tambayi me na gano ba. Tashi ya yi ya ɗebo mini ruwan sanyi da kansa.

Na sake rubutun: mai gamawa ya sa alama ya kauce, wani zaren ya zo daga baya ya kwashe filin. Ranar da abin ya yi aiki, Baba ya ƙwala wa Mama kira daga kicin. Ta fito da ludayi a hannu, ta ga fararen haruffa kawai suna gudu a baƙin allo.

"Wannan kuke kallo kullum? To, Allah ya yi albarka," ta ce, ta koma kada miya ta kama.

Baba ya ƙara matso da kujerarsa, ya ce, "To, sai me kuma gobe?"