Inda Ƙahon Bala Wanzami Bai Kai Ba

Duk mai cin kasuwar Tsanyawa ya san Bala wanzami, dogon nan mai jar zabira da ya gada wurin mahaifinsa. Shekara arba'in yana aski da ƙaho a gindin tsamiya guda. Baki kuwa, sai dai a bar masa kayansa! Ka ce masa ƙirjinka na yi maka nauyi, kafin ka rufe baki ya ce, "Mataccen jini ne, tuɓe riga." Ya tsattsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙe, ya nuna maka baƙin gudan jini a ƙasa, ka tashi kana godiya.

Bara da damina abin ya zo kansa. Yana tsakiyar noman gero ƙirji ya riƙe shi kamar an ɗora masa turmi, zufa ta karyo, hannun hagu ya yi sanyi. 'Yarsa Ikilima, malamar makaranta da ke aure a Rijiyar Zaki, ba ta tsaya jin ta bakinsa ba, ta sa aka kwashe shi zuwa asibiti a birni.

Idonsa biyu likita ya zura masa siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu, ya nuna masa allon na'ura. "Baba, ka ga nan? Hanyar da ke kai wa zuciya jini ce ta tsuke. Za mu hura ɗan balan-balan a ciki ta buɗe."

Aka hura. Bala na kallo hanya ta buɗe, nauyin ya sauka. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Likita, ƙaho ba ya kaiwa nan?"

"Ko kusa, Baba. Amma mai wannan ciwon in ya zo da wuri, galibi da ƙafarsa yake komawa gida."

Nan take Malam Abdulkabir ya faɗo masa a rai, maƙwabcinsa kuma amininsa, mai koyar da karatun allo. Wata shida ke nan Malam na kukan nauyin ƙirji duk sanda ya hau keke, wata shida Bala na kafa masa ƙaho. Kunya ta rufe shi a kan gadon nan, ya ƙudura yana isa gida zai gaya masa.

Ya isa, ya tarar 'yan dubiya sun cika zaure, ana ta tsokana: "Yau ga wanzami an yi masa aiki ba aska!" Malam ma ya zo, ya yi masa doguwar addu'a, ya dafa ƙirji ya ce, "In ka warware, nawa na nan yana jiranka."

Bala ya buɗe baki, ya dubi jama'a, rabinsu duk da shaidar askarsa a bayansu. Sai ya ce, "Allah ya kai mu."

Haba Bala! Magana nawa ce? Amma ina, ya ce sai gobe in sun keɓe. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama bayan kasuwa. Har hanyar masallaci ya sauya don kada su haɗu. Kwana goma sha tara yana wannan ɓuya.

Ran na ashirin Malam ya faɗi yana alwalar azahar. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku, Kulu matar marigayin, tana cikin takaba, ta aika a kira Bala. Ya durƙusa a soro, ita tana bayan labule.

"Baban Ikilima, Allah ya saka maka," in ji ta. "Malam har ya bar duniya yana cewa ba wanda ya kula da ciwonsa kamarka. Da ciwon mai magani ne, da a hannunka ya warke."

Bala ya sunkuyar da kai. Yana iya cewa amin ya tashi, ba wanda zai taɓa sani.

"Mai magani ne, Kulu," ya ce. "Irin nawa ne. Na sani tun ina asibiti, kunya ta hana ni faɗa masa."

Ya jira ta yi kuka, ko ta zage shi, wallahi da ya fi masa sauƙi. Can sai ya ji takunta tana komawa cikin gida.