Ƙwayoyin da Yaya Ya Adana

Yayana direba ne a wata cibiyar bincike da ke bayan babban asibiti. Aikinsa ɗauko jinin mata masu ciki daga ƙananan asibitoci cikin akwatin ƙanƙara, ya kawo wa likitocin da ke neman gano abin da ke sa a haifi wasu jarirai da gadon baya a buɗe. Sannu-Sannu abokan aikinsa suke ce masa, don in akwatin nan na mota, ko mai keke sai ya wuce shi yana dariya.

Ba albashi ne ya kai shi wurin ba. Matarsa, wadda har yau muke kira Amarya duk da furfura ta fara leƙo mata, ta haihu sau biyu, duka jariran da wannan ramin a baya, kuma babu wanda ya daɗe. Yaya ya ɗauka in yana kusa da masu binciken, shi zai fara jin labari. Kullum ya ajiye akwati sai ya tsaya a ƙofar ɗakin gwaji yana murza makulli.

"Likita, an gano?"

"Malam direba, da saura. Aikin na shekaru ne."

Shekaru fa! Sai ka ce Amarya tana da su a ajiye.

Wata rana wata likita a cikinsu ta ji labarinsa, tausayi ya kama ta, ta ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi. Ta ce ba tabbas, amma suna rage haɗarin sosai, muddin aka fara sha tun kafin a samu cikin, don bayan jariri da wuri yake haɗewa. Yaya ya ji sarai. Amma shi mutum ne mai adana, ko tsohuwar taya ba ya yarwa. Ya ce a ransa, cikin da ya yi shekaru bai zo ba, in ta shanye su a banza fa? Ga shi ba ya son tayar mata da tsohon miki. Sai ya kulle su a aljihun mota, wai ranar da ta ce ta ga alama ya fito da su.

Amarya kuwa ta ga alama, ta yi gum. Ta gaji da ganin yadda yake rawar ƙafa, daga baya ya shige bayan gida ya kunna famfo don kada a ji kukansa. Ta ce bari ta tabbatar tukuna. Ta ɓoye amai, ta ɓoye kasala, har sai da riga ta matse ta.

Ni na raka su hoton ciki. Mai hoton ya shafa mata man nan mai sanyi, yana ta zolayar Yaya wai yaron ya gaji hancinsa. Can sai ya yi shiru. Ya matsar da na'urar, ya sake matsarwa, ya ce bari ya kira likita. Ba wanda ya tambaye shi dalili, dukanmu mun san irin wannan shirun.

A baranda Yaya ya ciro ƙwayoyin daga aljihu. Nan kowa ya faɗi abin da ya ɓoye. Wallahi na ji kamar in haɗa kawunansu in gwara, sai na tarar ni ma kuka nake.

Likitar da ta ba shi ƙwayoyin ta ce ko da an sha da wuri ba lallai ya hana ba. Yaya bai yarda ba, ni ma ban sani ba. Ya daina tsayawa a ƙofar ɗakin gwaji, ajiyewa kawai yake ya koma mota.

Cikin ya tsufa yanzu, yaron na motsi abinsa. An gaya wa Amarya lokacin ƙwayoyin ya riga ya wuce. Duk da haka kowace safiya sai ta ce, "Yayan yara, miƙo min maganina." Shi kuma ya ɗebo ruwa ya miƙa mata, ya tsaya har ta haɗiye.