Illo Direba da Kunnen Nasiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata ina zaune bakin rumbu ina ɓarar gujiya, sai wayar Rakiya, matar ɗana, ta yi ƙara. Ta saurara kaɗan, ta miƙo mini ita da hannu biyu. Babban ɗan Illo ne daga Malbaza. Ya ce, "Gwaggo Dije, sai haƙuri. Baba ya cika bayan sallar asuba." Na ɗaga murya na yi salati. Jikana Nasiru shina can gindin bedi, ya ba ni baya, shina tura motar gwangwani. Sai ya waiwayo. Ya ji ni. Duk wanda ya san gidanmu a Tajaye ya san waiwayen nan aikin wane ne, bayan ikon Allah. Shi ya sa na ce ba ni bari a shafa fatiha a watse ban faɗi abin da na sani game da wannan bawan Allah ba.

Alhaji Sama'ila, wanda kowa ya sani da Illo, ɗan ƙanwar babana ne, wato taubashina. Tun muna yara muke tsiya, kuma har ya koma ga Ubangijinshi ba mu taɓa gaisuwar mutunci ba. Kullum cewa yake shi zai ci gumbar sadakata, har shina ba yara wasiyya a zuba sukari da yawa, wai ya san ni da rowa. To, Illo, ga ni zaune. Ni na daka taka, kuma na zuba sukarin.

Rayuwarshi duka a kan kwalta ya yi ta, shina jan babbar motar siminti daga Malbaza zuwa inda Allah ya nufa. In za shi Tawa sai ya ratso ta garinmu, ya aje albasa ko tumatir ƙofar gida, ya ce a ba tsohuwar nan kada ta mutu da yunwa a ce danginshi ne. Mutum ne wanda ba ya tada mota sai ya kewaye ta, ya ɗora tafin hannu bisa ƙarfenta shina saurare. Yakan ce, "Mota tana faɗin ciwonta, mutane ne ba su da haƙurin ji." Ban taɓa jin ya yi ƙaryar sanin abin da bai sani ba. Maganarshi ita ce, "Ni ban sani ba, amma zan biɗo gidan wanda ya sani."

Nasiru ɗan fari ne. Ubanshi, ɗana Isa, shina ci-rani can bakin teku tun yaron na goye. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi mishi wasa gaban manya, in za ta ba shi abinci sai ta aje ta kau da kai. Rakiya kuwa ɗiyar mutunci ce, ta riƙe kunyar nan da ƙarfi, mu kuma muna yaba ta. Da anka yaye shi ya dawo ɗakina. Ni kuma mijina nake ce mishi, kamar kowace kaka. In na kira shi bai amsa ba, sai in ce ango shina jan aji don ban yi kitso ba, mata su yi ta dariya. Uwa ba ta kira, kaka tana wasa, uba ba shi gida. Haka yaro ya kai shekara biyu da wani abu bai fara magana ba, kowa na cewa nauyin baki ne irin na gidanmu.

Wata rana Illo ya tsaya ƙofar gida, don ya tsorata ni kawai ya danna ƙahon motarshi. Jakin maƙwabci ya tsinke igiya, awaki sunka watse, yara sunka ruga, ni kaina ƙwaryar fura ta suɓuce mini. Na fito da zagi cike da bakina, sai na tarar da Illo ya sauko ba ya dariya. Nasiru yake kallo. Yaron shina zaune dab da motar, ya ba ta baya, shina tara ƙasa, ko gezau. Illo ya ɗauke shi, ya ɗora ɗan hannunshi jikin mota tana ruri. Nan yaro ya washe baki.

Ya ce, "Dije, yaron ga ba shi ji."

Na ce, "Bakinka ya sari ice! Mijina ne, yanga yakai mini."

Ya ce, "Yau ba wasa na zo da shi ba. Ki ce ma Rakiya ta fito."

Ranar ce kaɗai na ga Illo ya shiga gidanmu ya fita bai ce mini mai rowa ba.

Daga nan masu magani sunka yi yawa. Wannan ta ce a ɗiga man shanu, waccan ta ce wanzami ya cire beli. Rubutu da addu'a Illo bai hana ba, shi da kanshi ya kai sadaka ga malamai, ya ce a haɗa da neman likita. Sai anka kwatanta muna wani mai tebur a kasuwar Ƙonni da ke saida na'urar da ake maƙalawa a kunne, wadda muke ce ma apare. Munka je. Mutumin ya zaro ta cikin kwali shina rantsuwa ko dutse anka sa ma ita sai ya ji kiran salla. Illo ya ce, "Ka auna kunnen yaron?" Ya ce ba sai an auna ba, duk kunne kunne ne. Illo ya karɓa ya cusa a nashi kunnen, abin ya yi wata ƙara har ya runtse ido. Ya cire ya miƙa mishi, ya ce, "Na gode, na ji har gulmar da Dije ta yi mini bara." Ni hankalina ya riga ya kwanta da abin, na so a saya mu huta. A hanya ya ce mini, "Makanikin da ya ce a canza kaza tun bai buɗe mota ba, ka tura abarka gaba ko da hannu ne."

Majo, wato babban malamin jinya na wani asibiti a Ƙonni, shi ya fara faɗa muna gaskiya. Ya haska kunnen, ya ce ba ƙura, ba ruwa, abin shina can ciki, kuma ba aikinshi ba ne, sai likitan kunne mai kayan awo. Illo ya ji daɗin mutumin nan ƙwarai, don ya ce bai iya ba. Daga ranar ya mai da kowace tasha wurin tambaya. Direbobi, masu shayi, fasinja, ba wanda ya bari. Har Allah ya haɗa shi da wani tela a Ƙonni wanda ɗiyarshi ke sa apare, tana zuwa lakwal, makarantar boko. Ya zauna shagon mutumin wuni guda. Bai tambayi ko asibitin da anka ba ta aparen na da bene ko fanka ba. Abin da ya so ji shi ne ko an auna yarinyar kafin a ba ta, kuma da abin ya lalace, ya koma ya tarar da su ko sun ɓace. Da ya gamsu ya zo ya ce, "Ɗaura zanenki na fita kunya, za mu Yamai."

Munka hau kar, babbar motar fasinja, mu uku, ni da shi da Nasiru. Rakiya munka bar ta tsaron gida, kuma ba wanda ya ga aibin haka a cikinmu. Ina uwar ɗan fari za ta bi shi har Yamai gaban surukuwa?

Likitar mace ce, ƙarama, na raɗa ma Illo ban yarda an yaye ta ba. Amma aikinta ya rufe mini baki. Ta duba, ta tambayi zazzaɓin da ya yi shina jinjiri, ta sa anka kai shi wani ɗaki da ko motsin waje ba a ji, anka liƙa mishi wayoyi a kai shina barci. Ba ta yi gaggawa ba, ba ta kuma yi muna alkawarin banza ba. Ta ce kunnen hagu ya yi nisa, na dama da saura, kuma da saurar nan za a yi aiki in ba a ƙara ɓata lokaci ba. Anka cusa wani abu kamar ƙullu a kunnen don a ɗauki siffarshi. Sai ta ɗago ta ce, "Ina uwarshi?"

Na gyara zama na ce, "Tana gida. Ɗan fari ne."

Ta yi murmushi ta ce, "Inna, ni ma ɗiyar fari ce, har yau uwata ba ta kama sunana. Amma ni ina ji, na tsinci magana a bakin kowa. Shi wannan apare ƙara sauti kawai zai yi mishi, ba ya koya magana. Sai an durƙusa gabanshi, ido cikin ido, ana kiran sunanshi ana faɗa mishi sunan komi, safe da marece. Uwa ce za ta iya wannan. In kun dawo karɓa, ku zo da ita."

A nan ne na ga amfanin taubashi. Maganar da ba wanda ya isa ya faɗa mini a gidana, Illo ya faɗe ta gaban mata ana daka. Ya ce, "Dije, kunyar ga ta wa ce? Ke Rakiya ke jin nauyi. Ke ce jandarman da ya gitta igiya bisa hanya. Sauke igiya yaro ya wuce."

Na ce, "So kake gari ya ce surukata ba ta da kunya?"

Ya ce, "Su ce. In sun tambaya ki ce Illo ne ya ɓata gidan, dama an san halina."

Na kira Rakiya na ce na yafe mata, ta kama sunan ɗanta. Ta rufe fuska da gyale ta shige ɗaki. Abin da anka gina cikin mutum tun shina yaro ba ya rushewa da magana guda.

Da munka koma Yamai da ita, anka maƙala apare anka kunna. Nasiru ya zaro ido, ya fashe da kuka, ya kai hannu zai fizge. Likita ta lallashe shi, ta ce ma Rakiya, "Kira shi." Rakiya ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Sai Illo ya ja bakin mayafina ya ce, "Taso ki saya mini goro, mai rowa." Munka fita. Amma ni Dije ban ja ƙofar ta rufe duka ba, na kafa kunne da ido guda. Can na ji wata ƴar murya kamar ba ta Rakiya ba: "Nasiru." Ta sake, da ɗan ƙarfi. Yaro ya bar kuka, ya juyo, ya tsura ma bakin uwarshi ido. Na waiwaya in yi ma Illo albishir, na tarar shina goge fuska da hula. Ya ce ƙurar siminti ce. Na ce a Yamai? Ya ce ta shekara da shekaru ce, yau ta ga damar fita.

Kada wani ya ɗauka daga ranar yaro ya kama zuba kamar kakarshi. An sha wahala. Magana ta zo kaɗan kaɗan, har yau wasu kalmomin sai mu na gida muke gane su. Likita ta haɗa mu da wani mushe, wato malamin makaranta, mai koya ma kurame maganar hannu, ta ce a riƙe biyun duka. Illo da manyan yatsunshi ya zauna ya koya. Sunan da Nasiru ya sa mishi da hannu shi ne danna ƙaho. Nawa kuwa, yatsu ne ke buɗewa suna rufewa kamar bakin agwagwa, kuma na san wanda ya koya mishi.

Abin da ban gane ba sai yanzu shi ne tafiye-tafiyenmu na baya-bayan nan. Illo ya bar shiga gaba. Rakiya yake turawa ta yanki tikiti, ta tambayi taksi, ta yi magana da likita, ta sayi pil, wato batirin apare, shi shina baya riƙe da buta. Na yi ta yi mishi tsiya tsufa ya kama shi. Da na je gaishe shi kwance a Malbaza ya ce, "Randebun Nasiru, ranar komawa wurin likita, bayan salla ne. Kunne ya girma, robar aparen da ke shiga kunne ta yi mishi kaɗan, kada ku bari ya wuce." Na ce ya tashi ya kai shi da kanshi, ya bar lalaci. Ya ce, "Rakiya ta san hanya. Ke dai kada ki yi barci cikin kar baki buɗe, ki ba mu kunya."

Za mu je, Illo. Ranar zaman makoki, tsakar gidanka cike da mata, Nasiru ya yi ta danna ƙaho da hannu shina nemanka. Rakiya ta ɗaga murya gaban kowa ta ce, "Nasiru, zo nan." Wasu tsofaffi sunka dubi juna, ni kuma na dube su ɗaya bayan ɗaya har sunka sauke ido. Ta durƙusa gabanshi ta faɗa mishi da baki, ta faɗa mishi da hannu, ya gane.

Allah ya jiƙan Alhaji Sama'ila, ya gafarta mishi kurakuranshi, ya yafe mishi tsiyar da ya yi mini kamar yadda na yafe, ya yalwata kabarinshi ya haskaka shi. Allah ya ba matarshi Hajiya da ɗiyanshi da jikoki haƙuri, ya tsaya musu kamar yadda ya tsaya ma ɗan wani, ya sa albarka ga abin da ya bari. Mu da munka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshe. Ya Ubangiji, bawanka bai huta ba sai da yaron nan ya ji sunanshi a bakin uwarshi. Ka sa shi ma ya ji nashi sunan cikin waɗanda za a kira zuwa Aljanna. Amin.