Fasfon da Ya Tsufa Cikin Akwati

Ko zan manta komai, ba zan manta shekarar da na yi noman lada a gonar kaina ba.

Walda ce sana'ata a Cadakori. Wani kamfani a ƙasar Larabawa ya ɗauke ni aiki, kwantaragin shekara biyu. Ni kuwa a lokacin bakina ba ya riƙe magana, kafin la'asar har masu amalanke sun ji. Don a san na girma, na kira kawuna, a gaban liman na ba shi aron gonata damina biyu cur.

Fasfo dai ina da shi tun shekara huɗu da suka wuce, a naɗe cikin leda a ƙasan akwatin matata. A wautata, abin da ba a taɓa amfani da shi ba ai sabo ne.

Ranar da na je buro, wato ofishin, karɓar biza, na ga wata bakwai kawai aka rubuta. Na tayar da jijiyar wuya ina kaɗa takardar kwantaragi. Ma'aikacin ya bar ni na gama, sannan ya buɗe fasfon ya ɗora yatsa a kan ranar ƙarewarsa. Ya ce su abu biyu suke dubawa, tsawon kwantaragi da sauran kwanakin fasfo, wanda ya fi gajarta shi ake bi. Na ce masa ko ƙura bai taɓa gani ba. Ya ce, "Malam, cikin akwatin ma kwanansa tafiya yake."

Ya ba ni shawarar in sabunta kafin in tashi. Kunyar komawa gari bayan an yi mini rakiya har tasha ta hana ni. Na tafi a haka. Wata bakwai na cika, patron, mai gidana a wurin aiki, ya ce in je gida in sabunta a sake neman biza. Kafin in gama ya ɗauki wani.

Na iso Cadakori ana tsakiyar noman farko, gero ya yi kore shar a gonata. Na je wurin kawu ina sosa ƙeya. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ɗana, su can da takarda suka aiki. Ni bakinka na riƙe, kuma damina biyu ya ce. Amma ina biɗar mai noma."

Wallahi na ji haushi, amma gida ba hatsi. Na ɗauki hauya.

Tun daga nan, kafin in buɗe baki in yi alkawari, sai na buɗe takarda na duba ranar ƙarewarta.