Darlene Kovalchik, Matar da Ta Tare Ƙofar Baya

Ranar Lahadi ta farko a kowane wata, tun gari bai gama wayewa ba, wata tsohuwar a-kori-kura mai ruwan ƙasa takan tsaya a gaban zauren 'yan kwana-kwana na garinmu, Ketterly. Darlene Kovalchik ce ta iso. Mabuɗai a hannu ɗaya, tukunya a ɗayan, da kafaɗa take tura ƙofa. Ta kunna na'urar ɗumama ɗaki, ta ɗora kofi, sannan ta shiga jawo tebura tana jera su. Ta san teburin da ƙafarsa ke rawa, ta san inda za a cusa masa kwali. Ta san wanda ba ya zama kusa da taga don kada rana ta ci masa launin kati, ta kuma san mutum biyun da ba a haɗa su layi ɗaya tun wata musaya da ta ɓata tsakaninsu. Kafin masu tebura su fara sauke kaya, haluskinta, taliyar nan da kabeji da man shanu, ya cika zauren da ƙamshi.

Sama da shekara talatin ke nan tana buɗe mana wannan baje kolin katunan 'yan wasa. A ƙarshen watan nan za ta ajiye mabuɗan, gwiwoyi sun ce sun gaji. Shi ya sa na ce sai na rubuta wannan tana raye, tana iya karantawa, tana kuma iya zagina a kai.

Ni ban taɓa riƙe tebur ba. Raba wasiƙu na yi har na yi ritaya, kuma a zauren nan mai saye ne ni, irin masu zama su tona kwalin katunan araha na besbol, wasan nan na bugun ƙwallo da sanda, har bayansu ya sage. Na ga lokacin da layi ke fita har bakin titi, ma'aikatan masana'antar ƙarfe da 'ya'yansu, kowa da kwalin takalmi cike da kati a hammata. Na kuma ga lokacin da abin ya fara zagwanyewa, har ya zama idan wani ya yi tari a wannan kusurwa ana jinsa a waccan.

A duk shekarun nan mun ga abubuwa a wurinta. Idan mai tara kati ya mutu, matarsa ta zo da kwalayensa ba ta san kansu ba, Darlene ba ta bari ta sayar a teburin farko. Takan kama hannunta su zaga, kowa ya faɗi nasa tayin a gaban kowa. Da aka kai Stan Hlavaty gidan kula da tsofaffi, ita ke zuwa ta ɗauko shi, ta zaunar da shi kusa da kofi yana gyara wa mutane tarihin wasanni ko ba su tambaya ba. Amma abin da nake so a sani shi ne abin da ta yi a hunturun bara waccan, lokacin da muka kusa rasa zauren.

Chet Yurkovich, shugaban kwamitin 'yan kwana-kwana, shi ya kawo maganar. Ba mugu ba ne Chet, aikinsa yake yi. Ya same ta a kicin, ina wurin ina cika kofina.

"Darlene, ba da wasa na zo ba," in ji shi. "Duk Lahadinku ina wucewa nan wajen ƙarfe biyu, ba kowa sai ke da tsintsiya. Ga masu bikin aure da masu bikin haihuwa sun dame ni suna neman ranar. Idan bazara ta yi abin bai canja ba, kwamiti zai ba su."

Ta ce, "Na ji. Ka ci haluski?"

Ya ce bai ci ba. Ta zuba masa.

Da masu tebura suka ji labari, kowa ya zama masani. Waya ce ta kashe mu. Yaran yanzu a kwance suke sayen kati, su zauna suna kallon wani baƙo yana yage fakiti a waya. Wasu kuma sun aika katunansu kamfani an ba su makin inganci, an rufe a roba, ba mai taɓawa. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Milt Sabol, mai teburan da suka fi na kowa kaya. Rabin masu zuwa don akwatunan gilashinsa suke zuwa, kuma ya san haka sarai.

Darlene ta bari suka gama, sannan ta goge hannu da gaban rigarta.

"Waya ce ke loda muku kaya a mota da tsakar rana?"



To ga abin da take nufi, kuma duk wanda ya san harkar nan ya san shi. Masu tebura suna isowa da sassafe. Tun a wurin ajiye motoci suke leƙa kayan juna, su yi musayarsu, katunan kirki su canja hannu kafin a buɗe wa jama'a ƙofa. Ciniki ya riga ya ƙare a wurinsu. Da rana ta take, sai ɗaya ya duba agogo, ya ce yau ba mutane, ya fara rufe kwali. Na kusa da shi ya gani, shi ma ya fara. Kafin ka ce me, amalanke sun yi layi a ƙofar baya. Alhali a allon da ke bakin titi an rubuta sai ƙarfe uku ake tashi. Wanda ya je coci, ya ci abincin rana da iyalinsa, ya taho da marmarinsa, sai ya tarar ana naɗe mayafan tebur. Wa zai dawo? Ni dai da ni ne, ba zan dawo ba.

"Haba, Darlene," in ji Milt. "Mu zauna mu yi gadin kujeru? Mutane ba sa zuwa da rana."

"Ba sa zuwa ko kuna korarsu? Ni nake tsaye a ƙofa, Milt. Ni nake ganin fuskarsu idan sun juya."

"Ke dai ki ji da tukunyarki."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi, kuma mu da muka daɗe da ita ba mu ji daɗin dariyar nan tata ba.

Lahadin farko ta watan da ya biyo baya, kowa ya sauke kayansa ta ƙofar baya kamar kullum. Ƙofar nan ita kaɗai ke da gangara, ta gaba matakala ce, ba amalanken da zai bi ta. Da aka gama saukewa, Darlene ta fita shiru, ta ja a-kori-kurarta ta gindaya ta a bakin gangarar, ko kyanwa ba za ta wuce ba. Ta dawo ta ci gaba da yanka kabeji.

Da tsakar rana Milt ya loda amalankensa, ya tura ƙofa, ya yi arba da gefen mota. Kai! Ban taɓa ganin wuyan mutum ya yi ja haka ba.

"Darlene! Zo ki janye wannan gwangwanin!"

"Sai ƙarfe uku."

"Ke, tsare mutane laifi ne fa!"

"Wa ya tsare ka? Ga ƙofar gaba can a buɗe. Ka ɗauka a ka."

"Na rantse, idan ba ki janye ba, kin ga ƙarshen zuwana nan."

Nan fa gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Idan Milt ya tafi da gilasansa, ba sai Chet ya jira bazara ba. Darlene ta fi ni sanin haka. Ta ci gaba da yanka kabejinta.

"Idan ka tafi zan ji zafi, tsoho. Amma yau sai uku."

Ya dawo ya zauna a bayan teburinsa, ya naɗe hannu a ƙirji, kwalayensa a ɗaure. Sauran suka duba shi, suka duba motar, ɗaya bayan ɗaya suka kwance nasu suna gunaguni. Aka zauna. Ƙarfe ɗaya ta wuce, wani mutum ya shigo neman bayan gida. Milt ya ce da ƙarfi, "Ga jama'arki nan sun fara ɓarkowa!" Ni kaina na fara tunanin matar nan ta jawo mana.

Sai can bayan biyu wata mata ta leƙo, da kayan aikin jinya a jikinta, ta tsaya a bakin ƙofa kamar wadda ta yi ɓatan hanya. Sunanta Yvette Broadus, daga baya muka sani. Ta dubi Darlene ta ce, "Misis, yau ba a tashi ba?"

"Shigo, 'yata. Muna nan."

"Na sha zuwa fa. Sai na tashi daga aiki nake iya zuwa, kullum sai in tarar ana fita da kaya. Yau ma wucewa zan yi, na ga motoci."

Darlene ba ta dubi kowa ba. Ba ta buƙata.

Yvette ta zaga, ta zo teburin Milt, ta tambaya ko yana da katunan masu tare ƙwallo na shekarun ƙuruciyar mahaifinta, jerin take haɗawa. Ya ce a ɗaure suke. Ta ce to shi ke nan, dama ba ta sa rai ba, don yawancin masu tebura ba su san darajar masu tsugunne a bayan mai bugu ba. Ta ambaci wanda a ganinta ya fi kowa hannu a zamaninsa.

Milt ya zabura. "Wa? Wannan? Ke yarinya, kin ma taɓa ganin wasansa?"

"Babana ya gani, ya ce ba a yi kamarsa ba."

"Babanki bai san besbol ba! Tsaya in nuna miki."

Ya kwance kwali. Ya kwance na biyu. Aka baje katuna, musu ya kaure, Stan ya jawo kujerarsa ya shiga, ni ma na sa baki aka ce in yi shiru. Ana cikin haka wasu ma'aurata suka shigo daga coci, sai wani direban babbar mota. Ba taro ba ne, kada in yi ƙarya. Amma duk wanda ya shigo ya tarar da tebura a buɗe da mutane suna hayaniya.

Uku na cika Darlene ta fita ta janye motar, ta dawo ta ce, "Milt, hanya ta buɗe."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ki bari mana, ba ki ga ina magana ba?"

Bai taɓa ce mata ta yi daidai ba, har yau, kuma ba zai ce ba. Amma watan da ya biyo baya shi ya riga duk masu tebura isowa. Yvette ta faɗa wa abokan aikinta, su ma suka faɗa wa nasu. Ashe garin nan cike yake da masu tashi daga aiki da rana da masu fitowa coci a makare, mu muna zaune muna zagin waya. Darlene ta ƙara doka ɗaya: ba musaya a wurin ajiye motoci, katin kirki ya hau tebur kowa ya gani. Aka yi ƙorafi, aka bi. Da bazara ta yi Chet ya shigo da rana, ya tsaya ya duba, ya nemi kujerar da zai zauna ya ci haluski ya rasa. A tsaye ya ci. Kwamiti ya bar mana ranarmu.

Layi bai dawo bakin titi ba, kuma ba na jin zai dawo. Amma zauren yana hannunmu, kuma mun san wadda ta riƙe shi.

Darlene, ke ce kika ga abin da ke gaban idonmu muka ƙi gani. Ke ce kika yarda abokan shekara da shekaru su yi fushi da ke saboda baƙin da ba ki ma san sunansu ba. Uwar zaure, mai tukunyar da ba ta ƙarewa. Ba wanda zai buga hotonki a kati, ba wanda zai sa ki a roba ya ba ki maki. Mu dai mun gode. Na gode a madadin Stan, da matan da kika riƙe wa hannu, da Milt da bakinsa ba zai iya furtawa ba.

Ku kuma masu irin wannan taro a garuruwanku, kafin ku ɗora laifi a kan zamani, ku sa mutum ya tsaya a ƙofa ya ga su wa ke juyawa. Idan kun rubuta lokaci a allo, ku cika shi. Yvette da wasu mutum biyu za su karɓi mabuɗan, suna buƙatar hannu wajen jan tebura, duk mai ƙarfi ya zo.

Jiya na je na same ta a gida, na tambaye ta me za ta riƙa yi da Lahadinta yanzu. Ta shiga ɗaki ta fito da wani kwalin takalmi. Katuna ne, jerin shekarar da aka haife ta, da saura da yawa bai cika ba. Na yi sororo. Duk tsawon shekarun nan ban san tana tarawa ba.

"Yaushe na samu sararin tona kwali?" in ji ta. "Ina kicin, ina ƙofa. Ko sau ɗaya ban taɓa zaga teburan nan a matsayin mai saye ba." Ta rufe kwalin, ta ɗora hannu a kai. "Wata mai zuwa zan yi barcina in ƙoshi, in je coci, in ci abinci. Biyu da rabi zan shigo. Ka faɗa musu kada in tarar da tebur ko ɗaya a rufe."