Shatin Yatsa a Cikin Agogo

Shekara ashirin da biyu muka yi a baranda ɗaya, ni ina ɗinkin takalma, shi yana gyaran agogo. Teburinsa ƙarami ne mai gilashi a sama, kujerarsa kuma ƙafa ɗaya da guntun katako aka tallafe ta. Duk layin, Tulu ake ce masa. Yayarsa ce ta laƙaba masa tun suna yara, wai tafin hannunsa kullum a jiƙe kamar gindin tulu. Bai taɓa jin haushin sunan ba, ko kuma dai bai nuna ba.

Gumin nasa ba na zafi ba ne. Ko sanyi ake yi, tafin hannunsa da na ƙafarsa suna tsattsafowa. Na ƙafar ni na fi kowa sani, don takalminsa ba ya shekara sai na canza masa shimfiɗar ciki. In za ku gaisa, sai ya fara goge hannu a riga, sannan ya ba ka kan yatsu. Baƙo yakan ɗauka girman kai ne.

Aiki kam ya iya. Agogon da aka fid da rai da shi, in ya shiga hannunsa, sai ka ji ya tashi. Abin da ya dame shi shi ne, bayan wata uku ko huɗu wasu sukan dawo a tsaye. Ya zargi man da yake ɗigawa, ya canza. Ya zargi damina, sai ga shi da rani ma haka. A hankali magana ta fara yawo cewa Tulu yana cire kayan asali ya sa na banza. Wannan ce ta ci masa rai, don mutum ne da ko allurata ya ara sai ya dawo da ita da zarenta.

Wata rana da hantsi wani direban bas ya dawo da agogonsa karo na biyu. Bai ko zauna ba. A gaban mutane ya ce in an cire wani abu a mayar masa, shi ba ya son rigima. Tulu ya karɓi agogon. Ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya buɗe bayan agogon, ya daɗe yana kallo, har direban ya gaji ya tafi.

Sai Tulu ya ce mini, "Maƙwabci, ajiye takalmin nan ka zo ka gani."

Na sa madubin. A kan wani ɗan faifan ƙarfe akwai tsatsa, amma ba a barbaje take ba. Layi-layi ce a murɗe, shatin babban yatsa sak. Ya miƙo nasa kusa da wurin. Har ɗan tabon yanka da ke gefen yatsan ya fito a jikin ƙarfen.

"Ashe ɓarawon da ake nema yana tare da ni," in ji shi.

Na ce ai gara da aka kama shi da rai. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

Matarsa ce ta matsa ya je asibiti. Shi bai taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo ba, tunda mahaifinsa ma haka ya rayu. Da ya dawo ya ba ni labari dalla-dalla. Likita ta tambaye shi ko gumin yana zuwa masa cikin barci, ko yana ramewa, ko zazzaɓi da tari, ko faɗuwar gaba. Ya ce babu ko ɗaya. Aka ɗebi jini aka duba sukari da abin da ke kawo maƙoƙo, aka ga lafiya lau. Ta ce irin nasa ba wata cuta ce a ɓoye ba, jijiyoyin da ke ba da umarnin gumi ne suka cika zumuɗi, kuma ana gadonsa. Damuwa ba ita ta kawo shi ba, amma tana ƙara shi. Ta rubuta masa wani ruwan magani da zai shafa a busasshen tafi kafin ya kwanta, ya wanke da safe. Ta ce in bai isa ba akwai faranti da ake tsoma hannu a ruwa mai ɗan lantarki, akwai allura, aikin tiyata kuma sai an rasa yadda za a yi.

Maganin ya rage, bai kashe ba, ga shi da raɗaɗi. Sai ya haɗa da safar roba ta yatsu, ya daina taɓa cikin agogo sai da hantsaki.

Da a nan ya tsaya, da babu wanda zai sani. Amma ya ce zai bi duk wanda ya iya tunawa ya gaya masa gaskiya, a kawo agogon ya sake wankewa. Matarsa ta zo har barandar, abin da ba ta saba ba.

"Baban yara, ka gyara hannunka ka yi shiru mana. Wa zai ba ka agogo bayan ka ce hannunka na cin ƙarfe?"

Ni ma bayanta na bi. Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce in ya yi shiru, sunan ɓarawo zai zauna, kuma yaransa a layin nan suke wucewa.

Ya yi wajen wata biyu yana bin shaguna da ofisoshi bayan ya tashi aiki. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce sabuwar dabara ce. Direban ya zo, ya leƙa madubin da kansa, ya ce, "Malam, ka yafe ni," amma bai ƙara kawo gyara ba. Da yawa haka suka yi. Maganar sata ta mutu, aiki kuma ya ragu sosai, bai sake komawa yadda yake ba.

Bayan an daɗe na tambaye shi ko yana da-na-sani. Lokacin yana fama da safar babban yatsa, ta naɗe ta ƙi shiga.

"Wanda ya gudu saboda hannuna yana da gaskiya, agogonsa ne," in ji shi. "Ni dai a guje ni kan abin da na yi." Ya miƙo mini yatsan. "Ja mini nan, maƙwabci, wata mai agogon bango ta kusa zuwa."